Huda Ɗaya a Rufin Ɗakin Inna

Mutumin farko da ya kira sunana a ƙasar Indiya ɗan damfara ne. Ina fitowa daga filin jirgi na hango shi riƙe da kwali an rubuta Auwalu, wallahi sai da na ji kamar in rungume shi. Ya karɓi jakata ya ce makaranta ce ta aiko shi. Ni kuwa ɗan wani ƙauye a bayan Zakirai, wanda bai taɓa wuce Kaduna ba, gani nake na san mutanen ƙasar nan ciki da bai tunda da fina-finansu muka tashi. Ya ce ƙullin kuka da daddawa da yajin da ke jakata dokar ƙasar ta hana, in 'yan sanda suka gani ɗauri ne, in kawo ya ɓoye mini. Na miƙa masa da hannu biyu har ina godiya. Ya saka ni a motar safa, ya ce bari ya sayo mana ruwa. Har yau bai kawo ruwan ba.

Motar ta sauke ni a garin jami'ar da hantsi. Masaukin ɗaliban da aka yi mini alkawari, na tambayi mai gadi, sai ya riƙa kaɗa mini kai gefe da gefe. Na rasa ko e yake nufi ko a'a, na tsaya ina jiran ya buɗe ƙofa har rana ta take. Wani mai keke mai ƙafa uku ne ya ji tausayina, ya kai ni bayan gari gidan wata tsohuwa mai awaki da ke ba da hayar ɗakin sama. Ba ta jin Turanci, ni kuma ba na jin yarensu. Sunanta ya gagari harshena sai na laƙaba mata Iya, ita ma ta riƙa kirana da wani suna da ban san ma'anarsa ba, ina amsawa.

Digiri na biyu na je yi a kan eriya, wato ƙarfen da ke kamo sigina daga iska. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai a gida yake. Ƙauyenmu babu sabis. Gona na bin gona, gida na bin gida, mutane cike, amma duk mai son buga waya sai ya tafi ƙarshen gonaki ya hau kan wani tsohon suri. Baba yana zuwa can. Ƙanena Sale, wanda magidanci ne yana kai wake Dawanau, shi ma yana zuwa. Inna ce ba ta iya zuwa, gwiwoyinta sun riƙe ta tun kafin in taho, daga ɗaki sai tsakar gida, babur kuwa ba ta taɓa hawa ba kuma ta ce ba za ta fara da tsufanta ba.

Duk sanda na tambayi jikinta sai Sale ya ce da sauƙi. To wa bai san da sauƙin mutanenmu ba? Da sauƙi aka ce mini a kan kawuna, washegari aka binne shi. Ni so nake in ji muryarta da kunnena in auna da kaina. Na ce wa Sale ya ɗauko mini maganarta a waya ya turo, ya ce ya gwada, ta kau da kai ta ci gaba da tsince wakenta.

Sai na sa shi ya shiga Kano ya sayo irin wayar tebur ɗin nan mai ɗaukar sim, wadda ake jona mata eriya ta waje. Ya ɗaura eriyar a doguwar gora ya kafa jikin katanga, ya ja kebul har ɗakin Inna. Shiru. Ɗan siginan da eriyar ta kamo, tsawon kebul ɗin ya cinye shi kafin ya iso. Ke nan dole eriyar ta zauna a kan rufin ɗakin, a huda kwano, gajeren kebul ya sauko kai tsaye. Da maganar ta kai kunnen Baba, da kansa ya hau surin ya kira ni.

"Ɗakin nan shi kaɗai ne mai kwano a gidan nan," in ji shi. "Huda ɗaya na yarda da ita, kuma kafin ruwa ya sauka. In ta yi, to. In ba ta yi ba a toshe, kada wanda ya sake hawa mini rufi."

"To, Baba."

"Karatun da ka tafi yi ke nan, huda rufi?"

Sai na tambaye shi yaya shanu.

Mutum zai ce ai ko'ina a kan rufi rufi ne. Ba haka ba ne. Kwano yana mayar da sigina kamar yadda madubi ke mayar da haske, don haka sigina biyu eriya take samu, wanda ya zo kai tsaye daga dogon ƙarfen kamfanin waya da ke Zakirai, da wanda ya bugi kwano ya dawo. A wani wuri su taimaki juna, ka matsa kaɗan su kashe juna. Na kai maganar wurin malamar da ke duba aikina, wata 'yar ƙaramar farfesa mai furfura da ba ta ɗaga murya. Ta saurara har na gama, ta ce in mayar da shi aikin bincikena. Ranar na koma gidan Iya ina jin kaina kamar na riga na gama.

Daga nan kaina ya fara kullewa. Kafin ka hau rufi, a kwamfuta kake fara gina shi ka gwada, kuma hanya biyu ce a manhajar da muke amfani da ita. Ta farko, ka saƙa rufin da siraran zaren ƙarfe, tsaye da kwance, ya zama raga. Ta biyu, ka yanyanka fuskar rufin ƙanana-ƙanana ka jera su suna taɓa juna, kowane yanki ana ce masa faci, kamar dai facin da mai gyaran taya ke mannawa. Rufi ɗaya ne, eriya ɗaya ce, don haka a hankalina amsa ɗaya za su bayar.

Na fara da raga. Ta ce a dasa eriyar a bakin kwano, gefen kudu da ke kallon Zakirai. Na ji daɗi. Sai ƙaiƙayi ya sa na ƙara wa zaren kauri kaɗan don in gani, amsar ta matsa. Na rage ramukan ragar, ta sake matsawa. Ban taɓa rufin ba, ban taɓa eriyar ba, zaren da babu shi a duniya kawai na taɓa, amma wurin hudar yana yawo.

A ɗakin gwajin akwai wani ɗalibi da ya riga ni, Rohit, mai yawan fara'a. Ya leƙa allona ya yi dariya, ya ce raga aikin mutanen da ne, faci shi ne na zamani. Ya ce yana da rufi gamamme da ya gina da faci, zai ba ni, ni kuma in bar masa lokutana na babbar kwamfutar da muke layi a kanta. Na yarda nan take. Abin da ya ba ni kuwa gwanin kyau, ja da kore da ruwan goro kamar atamfa. Amsarsa ita ce tsakiyar doron rufi, can sama. Raga ta ce baki, faci ya ce tsakiya, ni kuma huda ɗaya gare ni.

Na daɗe ina kallon hotunan nan biyu kamar wanda aka aika da saƙo ya manta gidan. Rannan ina juya rufin Rohit a allo, na kifa shi don in ga ƙasansa, sai ga gurbin tayoyi. Mota ce. Gangar jikin mota ce ta wani aikinsa na da, ya danne ta ta yi faɗi ya canza mata suna. Da na tare shi bai ko ji kunya ba, cewa ya yi ai ƙarfe ƙarfe ne. Raina ya ɓaci, amma Turancin faɗa ba ni da shi, sai na zage shi da Hausa yana murmushi.

Na zauna na gina nawa facin da kaina, don in cire shakka. Nan na gano dalilin da ya sa ya ba ni mota. Lissafin facin nan sai da abu rufaffe ta ko'ina, mai ciki da waje, irin gwangwani da murfinsa. Falle ɗaya na kwano kuwa ba shi da ciki. Sai na yi dabara na mayar da rufin akwati mai ɗan kauri. In na bar shi da kauri ba rufinmu ba ne. In na sirantar da shi ya kusa kwano na gaskiya, sai lissafin ya haukace, har ya riƙa nuna mini eriyar tana fitar da ƙarfin da ya fi wanda aka ba ta. Na tattara takardun na nufi ofishin Farfesa.

Ta duba su a hankali, sannan ta ce, "Raga tana faɗin gaskiya in ka tsaya nesa da ita. In ka matso da eriya kusa, eriyar za ta fara ganin ramukan. Faci kuma nasa abu mai ciki ne, mota ko jirgi. Rufinka ba shi da ciki."

"Ranki ya daɗe, eriyata kusa da rufin za ta zauna."

"Na gani."

"To kaurin zaren fa, wanne ne daidai?"

"Ka sa kewayensa ya yi daidai da faɗin ramin."

"Me ya sa?"

"An daɗe ana yin haka, kuma yakan yi."

"To wanne zan bi a cikinsu?"

Sai ta kaɗa mini kai gefe da gefe, irin na mai gadi. Ta ce in bar kwamfuta in je in nemi kwano na gaske in auna.

Lokacin zafin ƙasar ya shigo, irin wanda namu na Kano ɗan yaro ne a wajensa. Abincinsu yaji ne da wasu kayan ƙamshi da cikina ya ƙi karɓa, na koma shayi da biredi. Na rame, na daina fita sai masallaci. Kewar gida ta dame ni har na fara jin haushin kowa, har tsuntsayen garin don kukansu ba irin namu ba ne. Wata rana da la'asar Iya ta hawo matakala da ƙyar, ta ajiye mini faranti ta zauna a bakin ƙofa. Wata faffaɗar gurasa ce baƙa-baƙa, an shafa mata man shanu. Ina kai ta baki na tsaya. Gero ne. Geron da na sani, na gonar Baba, na kunun safe. Ban san suna noma shi ba. Hawaye suka zubo mini a gaban tsohuwar mutane, ita kuwa ta yi kamar ba ta gani ba, ta turo mini sauran.

Da na raka ta ƙasa ne idona ya faɗa kan rumfar awakinta. Kwano ne mai gora-gora, an danne shi da bulo. Kullum nake wuce shi ban taɓa kallonsa ba. Na nuna rufin, na nuna kaina, na yi alamar hawa. Ta dube ni kamar mai taɓin hankali, sannan ta tafi ta jawo tsani.

Na aro na'urar awon sigina daga makaranta, na zaɓi wani dogon ƙarfen kamfani da ake hangowa daga nesa ya zama Zakirai ɗina. Na hau. Iya tana riƙe da tsani tana korar awaki da zaninta, maƙwabta sun fito kallo. Awon ma nasa rikicin daban. In na tsaya kusa da eriyar lambar ta canza, in na durƙusa ta sake canzawa, don jikina ma yana mayar da sigina. Sai da na koma kwanciya rub da ciki a kan kwano mai zafi ina leƙen na'urar. Wani biri ya zo ya zauna a kan katanga yana kallona, na ji a raina ya fi ni sanin abin da yake yi.

Abin da na samu bai taka kara ya karya ba. Bakin kwanon da ke kallon ƙarfen kamfani ya fi tsakiya, kamar yadda raga ta ce. Amma tsayin da za a ɗaga eriyar, awona bai yi daidai da raga ba, bai yi daidai da faci ba, kuma na safe bai yi daidai da na yamma ba. Na kai wa Farfesa, ta ce wannan sakamako ne mai kyau, in rubuta shi. Ni ban ga kyansa ba.

Sai Sale ya turo mini hoton rufin namu, wanda tun farko ya kamata in nema. Rufin da ke kwamfutata sumul yake kamar tire. Na gidanmu kuwa fallaye ne masu tsatsa wani kan wani, an jera duwatsu, sannan ga firam ɗin tsohon keke kwance a kai. Na kira shi, na ci sa'a yana kan surin.

"Sale, keken nan ƙarfe ne. Zai ɓata komai. A sauke shi."

"Shi ke danne kwanon in iska ta taso, Yaya. Baba ya ce ba a taɓa shi."

"To ka ba ni lokaci in saka shi a lissafin."

"Babu lokaci. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, mutane har sun fito da iri. Kafinta jibi zai zo."

"Yaya jikin Inna?"

"Da sauƙi. Sai dai ta rage cin abinci."

Na ce masa bakin kwano, gefen kudu, kamu ɗaya daga baki, ya ɗaga eriyar daidai gwiwarsa, ya nisanta ta da keken iya yadda zai iya.

"Ka tabbata?"

"Allah ne masani."

"Wannan kowa ya sani, Yaya. Kai me ka sani?"

Na ce masa na san bakin ya fi tsakiya a kan rumfar awakin wata tsohuwa. Ya ce to shi ke nan.

Ranar da kafintan zai zo ban je makaranta ba. Na zauna a kan matakalar Iya da waya a hannu. Can gida sun fi mu jinkirin rana, don haka azahar ɗinsu ta kusa magaribarmu. Na yi ta lissafin abin da zai iya lalacewa, ko kamun Sale ya fi nawa tsawo, ko tsatsar ta raba fallayen, ko motar Rohit ce mai gaskiya ni ne wawan. Rana ta yi ja, sai wata baƙuwar lamba ta shigo.

"Yaya, kana jina?" Muryar Sale ce, tana ɗan karkarwa. "Daga ɗakin Inna nake. Sandar sabis ɗaya ce, wani lokaci ta taɓa biyu."

Ko tsakiyar doron za ta fi haka, babu mai sani, tunda huda ɗaya ce. Ban ma tsaya tunanin ba. Ina jin hayaniya a bayansa, muryar Baba, matar Sale, da kafinta yana cewa a miƙo masa kwalta ya liƙe gefen hudar. Na ce wa Sale ya ba Inna wayar.

Na ji an karɓi wayar. Na gyara zama har na cire hula, ban san dalili ba.

"Inna, barka da rana. Yaya jiki?"

Shiru.

"Inna, ni ne. Kina jina?"

Shiru. Na ce shi ke nan, keken ne, ko tsayin ne, sabis ɗin ya ishi muryar Sale mai ƙarfi amma bai ishi tata ba. Na miƙe tsaye na fara ɗaga murya ina kiran Sale, ya hau ya juya eriyar hagu kaɗan, ya hana kafinta liƙewa tukuna. Iya ta fito daga kicin tana kallona.

Sai na ji ta, a bakin wayar sosai.

"Sale."

"Na'am, Inna."

"Ka ce wa yayanka ya daina ihu. Ana jinsa."

Na koma na zauna. Ni ne ɗan farinta. Tun da nake ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa zama ta yi hira da ni kai tsaye ba, balle a ɗaki cike, ga Baba, ga suruka, ga baƙon kafinta. Wata da watanni ina lissafin yadda magana za ta fito daga ɗakin nan, wannan kuwa ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba.

"Ka tambaye shi me yake ci a can," in ji ta. "Muryar nan ta rame."

Tata ce ta rame. Muryar da ake ji daga bakin rijiya ta koma 'yar siririya, kuma tsakanin kalma da kalma sai ta tsaya ta huta. Abin da na so in auna na auna shi, kuma tsoro ya kama ni.

"Sale," na ce, "ka ce mata ina ci. Ka ce mata da an yi hutu zan taho."

"Ka ce masa ya tsaya ya gama abin da ya kai shi."

Na ji Sale ya ce, "To Inna, kawo wayar."

"Bar ta nan."

Ba ta sake cewa komai ba, ni ma ban ce ba. Ta riƙe ta a kunnenta, ina zaune a kan matakala ina jin numfashinta yana shiga da ƙyar, yana fita da ƙyar.